Tauraruwar 1577 da Rushewar Gidan Nazarin Taurari na Istambul

A cikin watan Ramalan na shekara ta 985 bayan Hijira, wato Nuwamba 1577, wata tauraruwa mai wutsiya ta bayyana bayan faɗuwar rana, haskenta har ya tsorata talakawa da sarakuna daga Turai zuwa Farisa. A lokacin nan, Taƙiyyuddin bin Ma'aruf, babban masanin falaki na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, bai daɗe da kafa gidan nazarin taurari a Istambul ba, da manyan kayan awo da agogon da ya ƙera da kansa. Sarki Murad na Uku ya nemi ya fassara masa al'amarin, shi kuwa ya yi masa bushara da nasara a yaƙin Farisa. Sai annoba ta biyo baya, manya suka mutu, Shaihul Islami ya ce leƙen asirin sama ne ya jawo musiba, kuma a 1580 aka rushe ginin.

A wancan watan na Nuwamba 1577 dai, a tsibirin Hven da a lokacin yake ƙarƙashin ƙasar Denmak, masanin falaki Tiko Brahe yana auna matsayin tauraruwar dare bayan dare, yana gwada awonsa da na wani masani a birnin Prag, har ya tabbatar cewa tana can gaba da wata nesa, alhali Aristotal ya karantar da cewa irin waɗannan taurari hayaƙi ne da ke kamawa da wuta a saman iska.

Wasu marubuta sukan ce Tiko malamin hisabi ne, Taƙiyyuddin kuwa ɗan duba, amma wannan zalunci ne, domin Tiko ma ya rubuta wa sarkinsa fassarar abin da tauraruwar za ta haifar. Abin da ya bambanta su shi ne hukuncin da kowa ya samu. Malaman Istambul suna da hujja a kan tanjimi, wato duba da taurari, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a danganta kusufin rana da rasuwar ɗansa Ibrahim. Kuskurensu, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne haɗa dubar da aka hana da hisabin da ake tsai da lokutan salla da alƙibla da shi. Awon Tiko ya kai hannun Kepla, wanda ya fitar da dokokin tafiyar duniyoyi daga cikinsa, yayin da ginin Taƙiyyuddin bai wuce shekara uku yana aiki ba.