Daga Sifawa zuwa zauren Dandin Mahe

Sana'armu ta karantar da allo ta girmi duk wata makaranta mai ginin siminti a ƙasar Sakkwato, amma ba kasafai ake tambayarmu tarihinta ba. Masu magana a kanta a rediyo kwanon bara da bulala suka fi hange. Ni a cikinta na tashi a Dandin Mahe, a kan buzun da mahaifina ya karantar nake karantarwa, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a ji ta bakinmu.

Mu a wannan yanki ba sai mun je nesa neman asali ba. Sifawa ga ta nan a ƙasar Boɗinga, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815. Da ƙurar yaƙi ta lafa sai ya bar sha'anin mulki a hannun ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. Abdullahi kansa ya zauna a Boɗinga. Daga baya Nana Asma'u ta naɗa jajijinta, suka riƙa kai karatu ga matan ƙauye, su ne 'yan taru. A wancan zamani gari ne ke ɗauke da malaminsa: yana da gona, almajirai na taya shi noma da damina, zakkar hatsi na shigowa da kaka, maƙwabta na fitar da tuwon dare.

Yaro kan fara da babbaƙu, ya san haruffa tsurarsu, sannan farfaru, ya sa musu wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Magabata sun san halin yara, shi ya sa suka raɗa wa haruffa sunayen da ke sa dariya su kuma zauna a ka: an baki wofi, ɗa mai hannu, kaf lasan. Ban taɓa ganin kolon da ya ji "an baki wofi" karon farko bai wangale nasa bakin ba. Daga Fatiha ake gangarowa Nasi da Falaƙi, a yi ta hawa har Sabbi, ranar da uwa ke toya waina ta aiko sadaka, har izu sittin su cika a yi sauka. Mai himma ya zarce karatun littattafai, ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala.

Inda horon yake, wanda baƙo ba ya gani, shi ne a jikin allon. Ba a wanke shi sai ka biya abin da ke kai a gaban malam, ba gargada. Abokanka sun wanke sun yi sabon rubutu, naka na nan da tsohuwar tawada, kowa na gani. Ba wanda zai ce maka uffan, kai da kanka za ka tashi kafin asuba ka matsa kusa da wutar kara kana maimaitawa. Alƙalaminka kai za ka fiƙe shi daga gamba, tawadarka kai za ka haɗa da baƙin tukunya da ƙaro. In ka yi gaggawa ta tsinke, rubutun ya zube. Yaron da ya shekara biyar a haka ya koyi jira, ya koyi gama abin da ya fara. Bulala tana nan, ba zan ɓoye ba, amma dattawan malamai ba sa ganin girman mai yawan duka, kuma ni ma ban yarda da dukan da ke barin tabo ba. Zauren da ba a dariya a cikinsa hadda ba ta zama. Gardawa na tsokanar titibirai, daren Alhamis a yi kokawa a farin wata, watan azumi a fita tashe.

Abubuwa sun fara sauyawa da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Baitulmali ya koma hannun wata gwamnati da ba ta sa zaure a lissafinta ba. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, rubutun boko ya ture ajami a ofis, sai mutumin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka ya wayi gari ana lissafa shi cikin marasa karatu. Duk da haka wasu sun haɗa biyun, allo da boko. Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu, da allo ya fara kafin a kai shi elementare a Yabo, ya yi malanta, ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Farin 1973 ne ya karya ƙashin bayan zauren ƙauye. Rumbuna suka zama wayam, malamai suka kwashi yara zuwa birane cirani, da yawa ba su dawo ba. A birni ba gona, ba maƙwabcin da ya san uban yaro, sai bara ta tashi daga neman tuwon dare ta cinye yinin karatu. Wannan ciwo ne a gare mu kafin ya zama abin magana ga kowa.

Gwamnati ta gwada. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato. A 2020, lokacin korona, gwamnoni suka loda yara a motoci suka mayar da su jihohinsu. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai ta ƙasa. Ina fatan wannan hukuma za ta fara daga ƙauye, inda yaro ke kwana gidan ubansa, ya zo zaure da asuba, ya tafi firamare da hantsi, ya dawo bayan la'asar, kamar yadda yaran zaurena suke yi. Abin da irin wannan zaure ke bukata kaɗan ne: rufin kwano saboda damina, rijiya kusa, da taki ga gonar malam don kada rani ya kore shi zuwa birni.