Kwabon Da Ya Fito Da Sunan Sarkin Da Ya Mutu

A wannan biki na zagayowar shekarar ƙungiyarmu, ya kamata mu waiwayi kuɗin da iyayenmu suka yi fatauci da su. Da yawanmu har yanzu muna da anini, ɗari ko kwabo mai huji a tsohuwar adaka, kuma masu tara tsofaffin kuɗi sun fara bin kasuwanni suna tambaya. Abin da suka fi nema shi ne kwabon da aka yi kuskure wajen buga shi.

Waɗannan kuɗi sun fara fitowa a 1907. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ɗaya ga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, shi ya sa kwabon da aka karɓa a Kano yake sayen goro a Kumasi. Ba a nan ake buga su ba. Wasu daga gidan buga kuɗi na gwamnatin Ingila suke, wasu kuma daga kamfanoni biyu na Birmingham, masu sa ƙaramar alamar H ko KN a jikin kuɗin.

Kwabo yana samuwa ne idan aka matse faifan ƙarfe tsakanin hatimi biyu, na gaba da na baya. A nan kuskure yake shigowa. Idan faifan bai zauna daidai ba, zanen ya karkace gefe. Idan injin ya buga sau biyu, rubutun ya fito da inuwa. Idan hatimi ya tsage, sai a ga siririn layi ya taso a fuskar kwabon. Huji ma yakan kauce daga tsakiya, ko ya ƙi fitowa ɗungurungum.

Mafi shahara shi ne haɗa hatimai biyu da ba su dace ba, wanda masana ke kira alfadari, don uwa daban uba daban. Sarki Joji na Shida ya rasu a 1952, amma akwai kwabon 1956 mai alamar H da ya fito da sunansa maimakon na Sarauniya Elizabeth. An ɗauko tsohon hatimi ne aka haɗa da sabo.

Sai dai mu yi hattara. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas ba kuskure ba ne. Ko da yake bai cika shekara a kan mulki ba, an buga kuɗin da sunansa da yawan gaske, don haka kada wani ya tsuga mana farashi a kansa. Haka kuma kwabon da ya lanƙwashe, ko ya sha duka da guduma, ko maƙeri ya toshe masa huji, lalacewa ce ta bayan fitowa. Layin tsagewar hatimi tasowa yake yi, ƙarzuwa kuwa nutsewa take yi.

Saboda haka, kafin mu sayar, mu duba shekara, sunan sarki da alamar kamfani, mu ga ko sun dace. Kada mu goge kwabo da toka ko lemon tsami, domin gogewa tana karya darajarsa. Kuma mu ji tayin mutum biyu ko uku kafin mu ce albarka ko mun sallama, kamar yadda iyayenmu suka saba.