Abin da ya kamata a duba idan ruwa ya doki babur ya ƙi tashi

A Haɗeja da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, babur shi ne ƙafar jama'a da dama. Shi ke kai ma'aikaci ofis, shi ke ɗauko wa ɗan kasuwa kifi da tattasai daga fadama. Amma da zarar damina ta kankama, musamman daga Yuli zuwa Satumba, kukan masu babura kusan ɗaya ne: an ajiye shi lafiya lau, ruwa ya sauka da dare, gari ya waye ya ƙi tashi.

Ruwa iri biyu ne ke samun babur a wannan yanki. Akwai na sama, akwai kuma na ambaliya. Kogin Haɗeja yana samun ruwansa ne daga kogunan Kano da Calawa, waɗanda aka gina wa madatsun Tiga a 1974 da Calawa a 1992. Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, ga kuma ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa, don haka idan kogin ya tumbatsa yakan shiga gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022.

Saboda haka tambayar farko ita ce: ina ruwan ya tsaya a jikin babur? Idan dukan ruwan sama ne kawai, matsalar galibi ƙarama ce. Idan kuwa ruwa ya taru har ya rufe bakin salansa ko ya kai akwatin iska, to kada a buga kik, kada kuma a danna sitata.

Idan ruwan sama ne ya doke shi

Inji yana buƙatar abu uku kafin ya tashi: wuta da mai da iska. A bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wuta. A nan aka fi samun matsalar. A zare hular filogi a goge cikinta da busasshen tsumma, domin danshi kaɗan ya isa ya karkatar da wutar zuwa jikin inji. Sai a kwance filogin da sifana, a goge shi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a kunna makulli a buga kik. A riƙe ta wajen roba, kada wuta ta ja mutum. Idan an ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, wuta lafiya take. A yawancin ƙananan babura tazarar bakin filogi takan kasance milimita 0.6 zuwa 0.7.

Idan babu tartsatsi, a gwada sabon filogi. In har yanzu shiru, a duba ramin makulli da maɓallin kashe inji, idan babur ɗin yana da shi, da mahaɗan wayoyin kwayil da na akwatin CDI. A zare su a bar su su sha iska. Idan hon ya yi rauni kuma sitata ba ta juyawa, a duba fiyus da kawunan batir. Batirin babur mai bolt 12 ne, kuma cikakke yakan nuna kusan 12.6 a ma'auni.

Mai. Ruwa ya fi fetur nauyi. Idan ya shiga ta murfin tanki mai tsohuwar roba, sai ya kwanta a ƙasa, daga nan ya gangara kabureta. Juya famfon mai zuwa rizab yakan ƙara dagula lamarin, domin rizab daga can gindin tanki yake ja. Akwai ɗan sukuru a ƙasan kabureta. A kwance shi a tara abin da ya zubo a farar kwalba. Idan akwai ruwa za a ga ya ware ya kwanta ƙarƙashin fetur. A ci gaba da tsiyayewa har sai zallan fetur ya fito. Idan ruwan ya yi yawa, a juye tankin gaba ɗaya. Duk wannan aiki a yi shi nesa da murhu da sigari da janareta mai aiki.

Iska. A buɗe akwatin iska a taɓa matacin da ke ciki. Idan na soso ne kuma ya jiƙe, a matse shi a shanya. Idan na takarda ne, sai dai a sauya. Bayan an mayar da komai, a ja cok a buga kik ba tare da murɗa totur da yawa ba.

Idan ruwa ya shanye shi

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Fistan yana matse iska da fetur ne, amma ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwa na cikin silinda aka tilasta wa inji juyawa, sandar fistan tana iya lanƙwashewa. Gyaran da zai tsaya a filogi da baƙin mai sai ya koma sauke inji.

A fara fitar da babur zuwa tudu a cire kan batir. A kwance filogi, a zubar da ruwan akwatin iska, a ɗaga gaban babur don na salansa ya tsiyaye. Sannan a taka kik a hankali, filogi a waje, makulli a kashe, har ruwa ya daina fesowa daga ramin filogi. Idan kik ɗin ya cije, kada a matsa masa. Aikin bakanike ne.

Daga nan a duba baƙin mai. Idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shige shi. A juye a zuba sabo, a bar injin ya ɗan yi zafi, a sake dubawa, in da sauran fari a sake sauyawa. Ruwan ambaliya yana tafe da laka da yashi masu cinye ringi, don haka a wanke kabureta da akwatin iska sosai. Kada a jingine babur ɗin sai bayan kwanaki, domin tsatsa ba ta jira.

Bayan ya tashi

Jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa yadda ya kamata. A fara tafiya a hankali ana ɗan taka shi har ya bushe, kafin a ɗauki kaya ko fasinja. A wanke sarƙa a sa mata mai.

Kafin ruwa na gaba, a sauya robar murfin tanki da hular filogi idan sun tsage, a nemi tamfol na rufewa, a kuma riƙa ajiye babur a kan tudu ko cikin zaure. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a kowace shekara, NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. Mazauna bakin kogi su riƙa bibiyar su, su kau da babur tun ruwa bai iso ba. A hanya kuwa, duk ruwan da zai rufe salansa, a kashe inji a tura. Idan yana gudu da ƙarfi, a haƙura a juya, domin babur ana sayen wani, rai kuwa ba a sayensa.