Sinadarin girma da ginin ƙashi a jikin dabbobi

Sinadarin girma wani homon ne da ke fitowa daga wata ƴar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira ifofiz. Ba ya kwarara a kai a kai, lokaci zuwa lokaci yake shiga jini. Shi ne ke bai wa ƙashi umarnin tsawo da kauri, tun dabba na ƙarama har ta cika girma.

Masana sun fara gane ƙarfinsa a shekarar 1921, lokacin da Herbert Evans da Joseph Long suka yi wa ɓeraye allurar ruwan ifofiz na shanu a Amurka, sai ɓerayen suka zarce ƴan'uwansu girma. A 1944 aka tace sinadarin shi kaɗai daga shanu. A 1957 kuma William Salmon da William Daughaday suka nuna cewa yana da ɗan aike a cikin jini. Wannan ɗan aiken shi ake kira IGF-1 a yau, kuma hanta ce ke sarrafa mafi yawansa idan umarnin ya iso mata, ko da yake ƙashi ma yana yin nasa.

A kusa da kowane kai na dogon ƙashi, kamar na ƙafa, akwai wani faifan guringuntsi. A nan tsawo yake samuwa. Sinadarin girma da IGF-1 suna sa ƙwayoyin guringuntsin su hayayyafa su jeru, daga baya kalsiyom da fosfor su sauka a kansu su mayar da su ƙashi. Idan dabba ta balaga, sinadaran balaga suna rufe faifan, tsawo ya tsaya ke nan har abada. Shi ya sa namijin da aka dandaƙe tun yana ƙarami yakan fi dogayen ƙafafu, domin faifansa yana jinkirin rufewa.

Ƙwarin ƙashi kuma wani aiki ne da ba ya ƙarewa. Akwai ƙwayoyi masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo a gurbinsa. Sinadarin girma yana zaburar da ɓangarorin biyu, amma a ƙarshe gini ke rinjaye, ƙashin ya ƙara kauri da nauyi. Yana kuma taimaka wa ƙoda ta riƙe fosfor, ya sa hanji ya ƙara tsotsar kalsiyom ta hanyar bitamin D.

Idan sinadarin ya yi ƙaranci, dabba ta zama wada. An san wannan a karnukan makiyaya na Jamus, inda ake gadon matsalar: ɗan kwikwiyo ya tsaya ƙarami da gashin yarinta. Akwai kuma kaji wadanni da ke da sinadarin, amma jikinsu ba ya jin umarninsa. Idan ya yi yawa kafin balaga, dabba ta yi girman da ya wuce kima, kamar ƙananan ɓerayen da aka ƙara wa ƙwayar gadon sinadarin a 1982, waɗanda wasunsu suka kusa ninka ƴan'uwansu nauyi. Idan kuma bayan balaga ne, kamar a kyanwar da ƙari ya fito mata a ifofiz, ƙashi ba ya ƙara tsawo, sai dai kai da muƙamuƙi da ƙafafu su yi kauri, sau da yawa tare da ciwon suga.

Abin da ya fi shafar makiyayan Sahel shi ne dangantakar sinadarin da abinci. Dabbar da ke cikin yunwa sinadarin girmanta yakan ƙaru a jini, amma hanta ta daina amsawa, IGF-1 ya ragu, girman ƙashi ya yi sanyi. Haka ke faruwa ga maruƙa da ƴan tumaki a ƙarshen rani, lokacin da busasshiyar ciyawa ba ta da furotin kuma ba ta da fosfor. Saniyar da aka gani tana taunar tsohon ƙashi a daji, sau da yawa fosfor take nema. Idan damina ta sauka, dabbar tana rama wani ɓangare na abin da ta rasa, amma yunwa mai tsanani tun tana ƙarama tana iya barin ta tsumburarriya.

Don haka magabi mai tashi ya fi buƙatar kulawa kafin faifan nan ya rufe. Harawa tana da furotin da kalsiyom, dusa da ƙulin angurya suna da fosfor. Gishiri da kanwa suna da amfaninsu, amma ba sa maye gurbin fosfor. Dabbar da ta daina girma, ko take ɗingishi ba tare da rauni ba, ya kamata likitan dabbobi ya duba ta da wuri.