ZARE: Chiura Obata, mai zanen da San Faransisko ta ƙone a gabansa

1/ Yau babu siyasa, babu ƙwallo. Labarin wani mai zane zan ba ku, mutumin Japan da ya yi rayuwarsa a Amurka, Chiura Obata. Zaren yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai gobe.

2/ Ni dai a bisa kuskure na gamu da shi. Ina neman hoton da zan sa a fuskar waya sai na faɗa kan zanen wani tafki a tsakanin duwatsu, shuɗi mai sanyin kallo. Na ce lallai wannan Japan ce. Ashe Kalifoniya ce. Da na bi sawun mai zanen sai na tarar yana ɗan shekara 20 yana zaune a sansanin waɗanda girgizar ƙasa ta raba da gidajensu, yana zana kangon birni.

3/ An haife shi a 1885 a yankin Okayama, ya tashi a Sendai a hannun yayansa wanda shi ma mai zane ne. Yana shekara 7 aka fara koya masa zanen tawada da burushi. Yana 14 ya gudu Tokyo don kada a kai shi makarantar soja, ya zama almajirin wani gwanin zane, Murata Tanryo. A 1903, yana 17, ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka.

4/ Kada ku ɗauka ya sauka ne a matsayin wani babban mai fasaha. Aikin boyi ya fara yi a San Faransisko, shara da wanke-wanke a gidan Turawa, yana koyon Turanci. Irin farawar yawancin samarin Japan ke nan a wancan zamanin.

5/ Sai ranar 18 ga Afrilu, 1906. Ƙarfe 5:12 na asuba ƙasa ta girgiza, ƙarfinta ya kai kimanin maki 7.9. Girgizar ta yi ɓarna, amma abin da ya cinye garin wuta ce. Bututun gas sun fashe, bututun ruwa ma sun fashe, 'yan kwana-kwana suka tsaya da tiyo babu ruwa. Shugabansu kansa, Dennis Sullivan, gini ya faɗo masa tun da asubar, kwanaki kaɗan ya rasu.

6/ Kwana uku wuta na ci. Da aka rasa yadda za a yi sai aka koma fasa gidaje da nakiya don a yanke mata hanya, a wasu wuraren ma nakiyar ce ta ƙara kunna wata. Gine-gine kusan 28,000 suka tafi. Garin yana da mutum wajen 400,000, fiye da rabi suka wayi gari ba su da makwanci.

7/ Hukuma a lokacin ta ce mamatan ba su kai 500 ba. Binciken da aka yi daga baya ya kai lissafin wajen 3,000. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

8/ Obata na cikin waɗanda suka koma zaman fili a dandalin Lafayette. Ya ɗauki takarda da burushi ya shiga zagaya gari yana zana abin da ya gani, ɓaraguzai da bangayen da suka tsaya su kaɗai babu rufi. Waɗannan zane-zanen suna nan har yau.

9/ Bari in ɗan ratse, don sai kun san mene ne fentin ruwa za ku gane abin da yaron nan ya yi.

Garin launi ne ake haɗawa da ƙaro. Eh, ƙaron nan dai da ake sa wa tawadar allo, wanda Sudan da Chadi da Najeriya ke fitarwa kasuwar duniya. Ka jiƙa burushi, ka taɓa launin, ka shafa a takarda. Ita kuma tawadar Japan da ya taso da ita, baƙin hayaƙi ce da danƙon fata, a daskare kamar sanda, sai a goga ta a kan dutse da ɗan ruwa.

10/ Matsalarsa, ba ya yafiya. Mai fentin mai in ya yi kuskure sai ya shafe ya sake a kai. Mai fentin ruwa kuwa duk abin da ya sa ya zauna, don launin shara-shara ne, ana hango na ƙasa. Farin da kuke gani a zanen ma farin takardar ne da aka bari ba a taɓa ba. Wato tun kafin ka sa burushi sai ka san inda ba za ka taɓa ba. Ga shi da saurin bushewa, minti kaɗan ne naka.

11/ Amma kayan aikin duka za su shiga aljihun riga. Ba ka buƙatar shago, ba ka buƙatar kwanaki. Mutumin da ɗakinsa ya zama toka zai iya tsugunawa a bakin titi ya gama zane kafin soja ya kore shi. Kuma hayaƙi da ƙura da hazo, wallahi babu fentin da ya kai na ruwa iya kama su.

12/ Yanzu mu koma maganar da na ce ku riƙe. Manyan garin, 'yan kasuwa da masu filaye, sun fi son a ce gobara ce ta ci San Faransisko, a rage ambaton girgizar ƙasa. Dalili biyu. Inshora tana biyan asarar gobara, yawanci ba ta biyan ta girgiza. Sannan mai kuɗi zai sake zuba jari a garin da ya yi gobara, amma zai ji tsoron garin da ƙasarsa ke motsi.

13/ Shi ya sa nake ganin zanen Obata da muhimmanci. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi, baƙo ne da ko ƙuri'a ba shi da ita. Ba shi da wata riba in garin ya yi kyau a takarda ko ya yi muni. Abin da ido ya gani shi hannu ya sa.

14/ Ga wani abin da ya fi ci mini rai. Ƙasar Japan ta aiko da gudummawar kusan dala 246,000, ta fi ta duk sauran ƙasashen waje in an haɗa. Ta kuma turo masanin girgizar ƙasa, Fusakichi Omori, ya zo ya yi nazari. Jifa aka yi masa a titi.

15/ Wata shida da girgizar, a Oktoban 1906, hukumar ilimi ta birnin ta ba da umarni a cire 'ya'yan Japanawa daga makarantun Turawa a kai su wadda aka ware wa 'yan Asiya. Yaran ba su kai ɗari ba fa. Rigimar ta kai har ga Shugaba Theodore Roosevelt, ta ƙare da yarjejeniyar 1907 wadda Japan ta amince ta daina ba leburorinta fasfon zuwa Amurka. An kuma yi yunƙurin tayar da unguwar 'yan China daga tsakiyar gari, bai dai yi nasara ba.

16/ Ka ga dai gari na farfaɗowa, a lokaci guda kuma ana tantance wa zai zauna a ina.

17/ Japanawa suka tattara suka koma yammacin garin da wuta ba ta kai ba, unguwarsu ta yanzu a can ta samo asali. A nan Obata ya gina sana'arsa, kuma wannan ɓangaren ne masu ba da labarinsa suke tsallakewa da sauri don ba shi da armashi. Ni kuwa shi na fi so.

18/ Shekara da shekaru yana yi wa jaridun Japanawa na garin zanen labarai da na talla, har zuwa 1927. Manyan kantunan da aka sake ginawa, irin su Gump's, suna son adon Gabas don jawo masu kuɗi, shi ya riƙa yi musu adon ɗakuna da bango. A 1924 ya tsara dandamalin wasan Madame Butterfly na gidan wasan waƙa na birnin. Wato sabon garin da ya tashi daga toka, da hannunsa a cikin kwalliyarsa, ko da sunansa ba ya jikin ƙofa.

19/ Ya auri Haruko Kohashi a 1912, malamar shirya furanni irin na Japan. Kuma mutumin ɗan ƙwallo ne, yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin Fuji, na ƙwallon sanda irin ta Amurkawa. Na ce babu ƙwallo yau, ku yafe ni.

20/ A 1915, shekara 9 kacal bayan gobarar, San Faransisko ta shirya gagarumin baje kolin duniya don murnar buɗe mashigin ruwan Panama, kuma don ta nuna wa duniya ta miƙe. Mutum kusan miliyan 19 suka shiga. Shekara biyu kafin nan, Kalifoniya ta yi dokar da ta hana irin su Obata mallakar gona. A 1922 kotun ƙoli ta ce haifaffen Japan ba zai zama ɗan ƙasa ba. A 1924 aka rufe musu ƙofar shigowa gaba ɗaya.

21/ A tsakiyar wannan yanayin, a 1921, shi da wasu abokai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Gabas da Yamma, Japanawa da 'yan China da Turawa suna baje aikinsu a ɗaki ɗaya. A yau abin kamar ba komai ba. A lokacin ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

22/ Sai 1927, shekarar da ta canza masa komai. Wani malamin zane a jami'ar Berkeley, Worth Ryder, ya gayyace shi yawon tsaunukan Yosemite. Suka yi wajen mako shida suna kwana a tanti. Ya dawo da zane kusan ɗari: tafkuna, bishiyoyin da iska ta tanƙwara, hadari yana taruwa a kan dutse, hasken yamma a bakin tafkin Mono.

23/ Abin da ya bambanta shi: Turawan da suka riga shi zana Yosemite sukan cika allo maƙil, kowane dutse da kowane ganye, don mai kallo ya riƙe baki. Obata sai ya ja layi uku huɗu, ya saki launi ya bi ruwa, ya bar rabin takardar fara. Kuma in ka kalla sai ka ji sanyin wurin. Yana kiran abin da yake bi Dai Shizen, a Hausance kamar a ce babbar halitta, wato duwatsu da ruwa da sama da suka fi ƙarfin mutum.

24/ Ni a ganina, kuma ra'ayina ne kawai, wanda ya ga birni guda ya zama toka cikin kwana uku dole ya riƙa kallon dutse da wani ido daban.

25/ A 1928 ya koma Japan, ya sa aka mayar da zanen nan bugun katako a maɗaba'ar Takamizawa. Ana sassaƙa katako ne kamar hatimi, kowane launi da nasa, a buga ɗaya bayan ɗaya a takarda guda. Hotuna 35 aka fitar, wasunsu sai da aka buga sama da sau ɗari kafin su yi kama da fentin ruwa na ainihi. Ku duba wahala: aikin da burushi ya yi cikin mintuna ya ci wata da watanni. Wanda na gani a wayata ɗaya ne daga cikinsu.

26/ 1932 jami'ar Berkeley ta ɗauke shi koyarwa. Boyin 1903 ya zama malamin jami'a. Shi da matarsa suka buɗe shagon kayan zane a titin Telegraph.

27/ Sai Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamban 1941. Aka harbi tagar shagon. A Fabrairun 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe mutum kusan 120,000 masu asalin Japan zuwa sansanoni, yawancinsu ma haifaffun Amurka ne. Obata yana da shekara 56. Aka kai shi da iyalinsa filin sukuwa na Tanforan, inda aka zuba mutane har a bargar dawaki.

28/ Karo na biyu ke nan yana zaman sansani a gefen gari ɗaya. Cikin 'yan makonni ya buɗe makarantar zane a wurin, ɗalibai suka kai wajen 600, daga yara 'yan shekara 6 zuwa tsofaffi 'yan 70. Da aka mayar da su Topaz a hamadar Utah ya sake buɗe ta a can. An hana mazauna sansanin riƙe kyamara, don haka zanensa na guguwar ƙura da layin barikoki ya zama shaida. Wani zanensa na farin wata a kan Topaz har hannun Eleanor Roosevelt ya kai.

29/ A 1943 rigimar wa ke biyayya ga Amurka ta raba kan 'yan sansanin. Wani da ke zarginsa da kusanci da hukuma ya kai masa hari, ya kwanta asibiti. Daga nan aka sake shi ya tafi St. Louis, ya koma zanen talla, aikin da ya baro shekaru da yawa.

30/ 1945 Berkeley ta mayar da shi bakin aikinsa. Ya yi ritaya a 1954, kuma a shekarar ce ya zama ɗan ƙasar Amurka, bayan dokar 1952 ta buɗe ƙofa. Shekara 51 da saukarsa. Ya rasu a Berkeley a 1975 yana da shekara 89. Yanzu akwai wani yanki na babbar hanya mai lamba 120, ta gabashin Yosemite, da ke ɗauke da sunansa.

31/ Af, na kusa mantawa. Dalilin da ya sa St. Louis ya nufa, ɗansa Gyo yana karatun zanen gine-gine a can, ya bar Kalifoniya gab da a kwashe su. Gyo Obata na cikin mutum uku da suka kafa kamfanin HOK a 1955. Su suka zana gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Washington, su kuma suka zana filin jirgin Sarki Khalid na Riyadh. In akwai wanda ya taɓa sauka a can cikinku, ya gaya mana yadda rufin yake daga ciki, ni a hoto kawai na gan shi.