Matsalar Wuta a Tirelar Tarakta: Yadda Za Ka Gano Inda Ta Tsaya

Lokacin kaka, yawancin dakon amfanin gona daga gona zuwa sito ko kasuwa yakan kai dare. Tirelar da ke ɗauke da buhunan masara ko shinkafa ba tare da fitilar baya ba haɗari ce babba, domin mai mota ko babur da ke biye ba zai gan ta ba sai ya zo daf da ita. Yawancin matsalolin wutar tirela ƙanana ne, kuma za ka iya gano su da kanka kafin ka kira mai gyaran waya. Dabarar ita ce ka bi hanyar wutar daga tushe: batir, fis, soket, waya, sannan ƙwan fitila.

1. Batir

Tirela ba ta da wutar kanta, daga batirin tarakta take sha, wanda galibi volt 12 ne. Idan kana da mita, auna shi injin na kashe. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6, idan ya sauka ƙasa da 12, ya yi sanyi sosai. Tayar da injin ka sake aunawa: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, altaneta ba ta caji. Duba kawunan batirin, ka kankare farin garin da ke taruwa a kansu, ka ɗaure su tamau.

2. Fis

Idan fitilun tarakta ma sun mutu, fara duba fis. Ka maye wanda ya ƙone da mai lamba iri ɗaya. Kada ka cusa waya ko takardar sigari a gurbinsa, hakan na iya ƙona wayoyin duka. Fis ɗin da ke ƙonewa da zarar ka jona tirela yana nuna akwai wayar da ta fige tana taɓa ƙarfe.

3. Soket da fulogi

A nan matsala ta fi yawa, saboda laka, ƙura da ruwa. A fulogi mai ƙafa bakwai irin na Turai, tsarin shi ne: 1 rawaya, sigina ta hagu, 2 shuɗiya, fitilar hazo, 3 fara, nagetif, 4 koriya, sigina ta dama, 5 ruwan ƙasa, fitilar baya ta dama, 6 ja, birki, 7 baƙa, fitilar baya ta hagu. Tirelar da aka ƙera a gida launukanta na iya bambanta, don haka ka gwada kowace ƙafa da fitilar gwaji. In wuta na zuwa soket ɗin tarakta, to laifin yana ɓangaren tirela. Goge tsatsa da samfefa, ka shafa ɗan giris.

4. Wayar nagetif

Wuta sai ta samu hanyar komawa batir kafin fitila ta kama. Idan ka taka birki sai sigina ta yi ɗan haske, ko fitilu duka suna ƙyaftawa tare, nagetif ce ta saki ko ta yi tsatsa. Kwance ta, ka kankare fenti har sai ƙarfe ya yi fes, ka sake ɗaurewa.

5. Waya da ƙwan fitila

Bi wayar da hannu daga gaba har baya, musamman wajen mahaɗar tarakta da tirela, inda take gogar ƙarfe ko ta tsinke a kwana. Tirelar da ta daɗe a ajiye kusa da sito, ɓera ma yana cin wayarta. Sigina mai ƙyaftawa da sauri yawanci ƙwai ne ya mutu. Na sigina wat 21 ne, na birki da baya kuma mai zare biyu ne, 21 da 5.

Kafin ka taɓa kowace waya, cire nagetif ɗin batir. In ka ji warin ƙuna ko waya ta yi zafi, tsaya nan ka kira gwani. Ƙungiyar da ke da tarakta ɗaya ta ajiye fis, ƙwayayen fitila, salatif da fitilar gwaji a akwatin direba, a kuma gwada fitilu tun da rana, mutum ɗaya na taka birki, wani na duba baya.