Na'urar Riƙe Gudu da Shan Man Motar A-kori-kura

Ya kai mai karatu, in kana noma a fadamar Jiratawa, ka san kayan lambu ba sa jira. Tumatir, albasa, tattasai da ganyen zogale duk sai an ɗora su a mota kafin su zama kuɗi. Mota kuwa mai take sha. Duk litar da ta sha a banza, daga cikin ribarka ta fita. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, man bakin hanya da mutanen Maraɗi suka saba saye da rahusa ya yi tsada. Saboda haka ya kamata ka san abin da ke rage shan mai, ko kai ne mai tuƙi, ko ɗan ƙungiyar manoma mai biyan kuɗin haya.

Mece ce wannan na'ura?

A wasu motocin a-kori-kura na zamani, kamar wasu samfuran Toyota Hilux, akwai maɓallai a jikin sitiyari ko a gefensa. Idan mota ta kai gudun da direba yake so, sai ya danna wanda aka rubuta SET a kansa, ya ɗauke ƙafarsa daga totur. Daga nan motar za ta ci gaba da wannan gudu da kanta. Da zarar ya taka birki, na'urar ta saki. Maɓallin RES shi ke mayar da mota ga gudun da aka zaɓa da farko. A yawancin motoci, na'urar ba ta kamawa sai gudu ya kai wajen kilomita 40 a awa.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Ralph Teetor ne ya ƙirƙiro ta. Makaho ne tun yana yaro. Kamfanin Chrysler ya fara sayar da motoci masu ita a 1958. Ta ƙara karɓuwa bayan tsadar mai da ta addabi duniya a 1973.

Ka riƙe wannan: na'urar ba ta ganin hanya. Gudu kawai ta sani. Ido da hankali suna nan wurin direba.

Yaya take rage shan mai?

Inji ya fi shan mai a lokacin da ake ƙara wuta. Ƙafar mutum kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Yanzu ya danna, an jima ya sassauta, ba tare da ya lura ba. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Kanada ta bayyana cewa direban da gudunsa ke hawa da sauka tsakanin kilomita 75 da 85 a kowace daƙiƙa 18, yana iya ƙara shan mai da kashi 20 cikin 100. Wannan ɓarnar ce na'urar take hanawa. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta, inda babu cunkoso, tana ba inji mai daidai gwargwado.

Amma da sharaɗi. Idan ka ɗaure ta a kan gudu mai yawa, babu abin da za ta rage maka. Iska ce dalili. In mota ta ninka gudunta, ƙarfin iskar da ke tokare ta yakan ninka sau huɗu. Daga kilomita 80 zuwa 120 a awa, tokarewar ta fi ninki biyu. A-kori-kura tana da faɗin gaba da tsawo, kuma in an jibga buhuna sun wuce rufin direba, iska ta ƙara samun abin kamawa. Ma'aikatar da muka ambata ta ce a gudun 120 mota takan sha mai fiye da na gudun 100 da kimanin kashi 20 cikin 100. Ga motar da ta ɗauki kaya, kilomita 80 zuwa 90 a awa sun isa, in doka da lafiyar hanya sun yarda.

Ina take da amfani?

Amfaninta yana ga doguwar tafiya. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kimanin kilomita 235 ne, ta Agye da Tasawa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. A irin wannan hanya, tsakanin gari da gari, inda kwalta ke da kyau kuma kana hangen nesa, kana iya kunna ta. Kafin ka shiga gari ko ka iso shingen jami'ai, kashe ta tun daga nesa, ka bar mota ta rage gudu da kanta. Yin haka ya fi taka birki da ƙarfi, domin birki yana zubar da ƙarfin da ka riga ka saya da mai.

Ina ba ta da amfani?

1. A gajeriyar tafiya. Daga Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi, ko daga Maraɗi zuwa Tibiri, akwai amalanke, kabu-kabu, dabbobi da yara ƴan makaranta. Ba za ka jima kana gudu ɗaya ba.

2. A kan tudu da gangare. Wajen Madawa da Galmi hanya tana hawa tana sauka. Idan mota ta fara hawa, na'urar takan buɗe wuta don kada gudu ya ragu, wani lokaci har giya ta koma ƙasa, inji ya yi ta kuka. Gwanin direba kuwa yakan bari gudu ya ɗan ragu a hawa, ya maido shi a gangare. A nan ƙafa ta fi na'ura.

3. A cikin rairayi, laka ko hanyar jar ƙasa, kamar hanyoyin gonaki na bakin Gulbin Maraɗi. In taya ta fara sulɓi, ana so direba ya sassauta nan take.

4. Lokacin ruwan sama, ko ƙurar hunturu mai rufe ido.

5. Da dare, in gajiya ta kama ka. Mai gyangyaɗi ƙafarsa kan saki totur, mota ta rage gudu. In na'ura tana kunne, motar ba za ta rage ba. Lita biyu ba su kai ran mutum ba. Tsaya ka huta.

In motarka ba ta da ita fa?

Tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504, ba su da wannan na'ura. Wannan ba abin damuwa ba ne, kuma ba dalilin cin bashi a sake mota ba ne. Abin da na'urar take yi, ƙafa mai natsuwa tana iya yi. Zaɓi gudu ɗaya, ka riƙa duba agogon gudu. Tashi a hankali. Auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, domin taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai. Kakkaɓe matatar iska ko ka sake ta, musamman lokacin hunturu. Kada ka bar inji yana aiki alhali ana lodi. Shimfiɗa kaya ƙasa-ƙasa, ka ɗaure tamfol sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

Gwada da kanka

Kada ka dogara da abin da ake faɗa a tasha. Littafinka da alƙalaminka sun isa. Cika tanki fal, ka rubuta lambar kilomita da ke jikin agogo. Bayan tafiya, sake cika tanki, ka rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar. Ninka litar sau 100, sa'an nan ka raba da kilomitan da ka yi.

Ga misali na koyo. Mota ta je Damagaram ta dawo, kilomita 470. Ta sha lita 47. To, 47 sau 100 ya ba da 4,700. A raba da 470, amsa 10. Ke nan tana shan lita 10 a kowace kilomita 100. Yi haka sau uku da na'ura, sau uku babu ita, a hanya ɗaya, da kaya masu nauyi kusan ɗaya. Lissafin zai nuna maka gaskiyar motarka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa gudu ɗaya ya fi hawa da sauka sauƙin mai?

2. Ambaci wurare uku a yankinku da bai kamata a kunna na'urar ba.

3. In wata mota ta sha lita 52 a wannan tafiya ta kilomita 470, lita nawa ta fi ta farko? Nawa ne kuɗinsu a farashin da kuka sayi mai wannan mako?